Kunnen Mokolo da Matakai Goma Sha Biyu

Mokolo gari ne da kunne ba ya hutawa a cikinsa. Yana zaune a tsakiyar duwatsun Mandara, shi ne babban garin Mayo-Tsanaga a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kimanin kilomita 80 daga Marwa, kuma da ka nausa yamma kaɗan ka faɗa Najeriya: Madagali, Michika, Mubi. Mafa ne masu ƙasa. Fulani sun zo da sarauta, Hausawa da Barebari da Mandara sun zo da fatauci da sana'a, Kapsiki suna shigowa daga wajen Rumsiki. Duk wanda ya tashi a nan kafin zuwan wayar hannu, ya tashi da kiɗa iri uku ko huɗu a kunnensa, kowanne da ma'auninsa.

Ranar Juma'a da ranakun Salla, algaita da kakaki da ganguna ne a ƙofar Lamiɗo. A unguwannin Hausawa kalangu ne, wajen mahauta da gidan biki, sai goge da kukuma in dare ya yi. Idan damina ta ja baya dawa ta nuna, busa ce ke saukowa daga kan duwatsu, sarewa da ƙaho gungu-gungu. Kowane mai busa yana riƙe da sauti ɗaya ko biyu kacal, ya jefa nasa a gurbin da ɗan'uwansa ya bari, har waƙa guda ta haɗu daga bakuna goma. Ga kuma molon mutanen dutse mai tsarkiya biyar, wanda saurayi ke rungumewa yana tafe yana kaɗawa. Ban taɓa jin an ce algaita ta yi kuskure don ba ta dace da sarewar dutse ba. Kowa ya san wannan da hanyarta, waccan da tata, kuma kunne ɗaya ne ke karɓar duka.

Kowa ya ga yadda kayan kiɗa suka sauya a shekaru talatin ɗin nan. Abin da ba a cika lura da shi ba, kunnen ma ya sauya, kuma wannan ya fi damuna.

Sai mun ɗan tsaya a kan yadda sauti yake kafin maganar ta fito fili. Duk sauti girgiza ce. Tsarkiya ta kaɗa iska, iska ta kaɗa dodon kunne, can ciki wata nannaɗaɗɗiyar gaɓa ta rarrabe girgizar ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. In girgizar ta yi sauri mu ji sautin siriri, in ta yi nawa mu ji shi da kauri. Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan ɗaya. In aka ninka yawan kaɗawar sau biyu, sai a ji kamar sautin farko ne ya koma sama, shi ya sa namiji da mace suke rera waƙa ɗaya tare ba a ji sun saɓa ba. Bari mu kira wannan tazara zango. Zangon yana cikin halittar sauti. Amma yadda za a yanka cikinsa, mataki nawa, kowanne da wane faɗi, wannan kuma aikin mutane ne, kuma kowace al'umma da yadda ta yanka nata.

Turawa sun raba nasu zangon gida 12 daidai wa daida. A 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya fito da ma'aunin da ake amfani da shi har yau: zango yana da sent 1,200, kowane matakin fiyano sent 100. Da ya auna kayan kiɗan ƙasashe dabam-dabam da wannan ma'auni, abin da ya tarar shi ne babu wani tsarin matakai guda da za a ce shi ne na halitta. Ko su Turawan, matakansu 12 sulhu ne suka yi don kayan kiɗansu su iya sauya ki, wato sautin da aka kafa waƙa a kansa, ba tare da an sake ɗaure su ba. Akwai wata tazara da suke ji da ita wadda a asalin girgizar tsarkiya sent 386 ce, amma a fiyano an ja ta zuwa 400. Sai a 1939, a wani taro a Landan, suka tsayar da cewa sautin da kowa zai ɗaure kayansa a kai shi ne mai kaɗawa 440 a sakan, hukumar ma'aunai ta duniya kuma ta amince da hakan a 1955. Wato abin da yaranmu ke ɗauka dokar kiɗa ce tun fil azal, yarjejeniya ce ta mutane, wani ɓangarenta ma bai cika shekara ɗari ba.

Ɗan Mokolo ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya ɗaga kai kawai ya dubi gonakin Mafa. Tun daga gindin dutse har ƙololuwa an jera katangun duwatsu hawa-hawa, kuma ba hawa biyu da tsayinsu ya zo ɗaya, domin kowanne ya bi yadda gangaren ya kwanta ne. Ba wanda zai kira wannan shirme. Ƙwarewa ce ta ƙarnoni, ita ke riƙe ƙasa da ruwa. Matattakalar siminti ta gidan bene kuwa da awo aka zuba ta, kowane taki daidai da na gabansa. Dukkansu hawa ake yi. Kiɗanmu na dā irin na farko ne, fiyano irin na biyu.

Dubi mai goge. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, tsarkiyar izgar doki, a goga mata ƙaro. Babu wasu gaɓoɓi a wuyan gogen da za su ce wa yatsa ga inda za ka tsaya. Mai gogen yana ɗaure tsarkiyarsa ne daidai da muryarsa ta wannan daren. In ya kwana biyu yana waƙa murya ta dushe, sai ya sassauta. Da hunturu fata ta bushe sauti ya hau, da damina ta yi laushi ya sauka, makaɗan ganga har gasa ta suke yi a bakin wuta kafin a fara. Mai kalangu kuwa hammatarsa ce ma'auni: ya matse sauti ya tashi, ya saki ya gangaro, kuma tsakanin tashin da gangarowar ba tsalle yake yi ba, zamewa yake. Dalili ke nan da kalangu ke magana, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kamar yadda harshen Mafa ma yake da nasa karin. A wancan tsari, a ce kiɗa ya yi daidai yana nufin mawaƙi da 'yan amshi da makaɗa sun haɗu a wuri ɗaya. Ba wani alƙali daga waje.

Rediyo da kaset ba su taɓa wannan ba. Gidan Rediyon Garwa, da shirye-shiryensa na Fulatanci da Hausa, da Rediyon Kaduna, da kaset-kaset ɗin da 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Mubi da Kano, sun kawo mana Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji da Garba Supa da Ahmadu Doka, kowa da muryarsa yadda Allah Ya ba shi. Abin da aka rera shi kaset ke maimaitawa. In batir ya yi sanyi muryar Shata ta ja ta yi kauri, amma ba wanda ya kasa gane waƙar, saboda tazarar da ke tsakanin sautukan tana nan yadda take. Ko mawaƙan Garwa da suka ɗauki jita da kayan zamani, irin su marigayi Ali Baba da ya rasu a 1989, da Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal daga baya, da maƙogwaronsu suka yi waƙa.

Fiyano ce ta fara juya al'amarin. A ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano suka mamaye ko'ina da waƙoƙinsu, kuma kusan duk kiɗan daga 'yan ƙananan fiyanon Yamaha yake fitowa. Faifan ya bi hanyar da kaset ya bi, ya iso Mokolo. Majami'u ma a nasu ɓangaren sun rungumi fiyanon, ƙungiyoyin mawaƙansu suka koma bin ta. Ba abin mamaki ba ne: mutum ɗaya da akwati ɗaya yana yin aikin makaɗa shida, mai biki ya huta da ciyarwa da sallama. A cikin akwatin akwai amo mai kama da sarewa, da mai kama da goge, da na ganga, sai dai duk a kan matakai 12 ɗin nan suke tafiya. Nan ne aka yi musayar da ba a yi shawara da kowa ba. A dā kiɗa ke bin mawaƙi, ya hau ya bi shi, ya sauka ya bi shi. Yanzu kiɗa ake fara haɗawa, a ba mawaƙi ki, shi ya bi.

Duk da haka muryar tana da sauran 'yanci, tana iya zamewa, ta ɗan rataya ƙasa da mataki, ta yi rawa a kansa. Auto-Tune ce ta rufe wannan ƙofa. Kamfanin Antares na Amurka ya fito da ita a 1997, wanda ya ƙirƙiro ta kuma, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar ƙasa don neman man fetur. Aikinta shi ne ta auna muryar mawaƙi a kowane ƙiftawar ido, ta duba matakin da ya fi kusa, ta ja muryar zuwa kansa. Tana da wani maɓalli na sauri. In an sassauta shi, gyaran yana tafiya a hankali har ba a ji. In an ƙure shi, murya ba ta zamewa sam, tsalle take daga mataki zuwa mataki, shi ne wannan amon ƙarfe da duniya ta fara ji a waƙar Cher ta 1998. Cikin 'yan shekaru manhajar ta shiga kowace kwamfuta, tare da irin su FL Studio da Cubase. Yau a Marwa da Garwa da Mokolo, kamar a Kano da Kaduna, ɗaki ɗaya da kwamfutar cinya da makirfo ɗaya sun isa a kira wuri situdiyo. Yaro zai shiga ya rera, mai haɗa kiɗa ya ce masa ya fita daga ki amma kada ya damu za a gyara. A gyara ɗin kuwa.

To me ake gyarawa? Wani lokaci kuskure ne na gaske, yaron bai iya riƙe murya ba. Amma na'urar ba ta san bambancin kuskure da gado ba. Wannan 'yar ratayar da mawaƙin Hausa ke yi a ƙarshen ɗango, inda murya ke gangarowa a hankali kafin 'yan amshi su karɓa, ita ma a wurinta kuskure ce. Karin sauti mai faɗuwa, wanda zamewa ce tsantsa, sai ta datsa shi gida biyu. Sautin da ya zauna a tsakanin matakai biyu na fiyano, wanda a waƙar dutse nan ne gidansa, sai ta tura shi sama ko ƙasa, duk wanda ya fi kusa. Ta yi wa Bamafe da Bahaushe da Bafulatani aski iri ɗaya.

Kunne kuwa abin da ya saba ji shi yake ɗauka gaskiya. An gwada wannan. A 2016 mujallar Nature ta buga binciken Josh McDermott da abokan aikinsa a kan Tsimane, wata al'umma a dajin Amazon na Bolibiya da ba ta cika jin kiɗan Turawa ba. Haɗin sautukan da Ba'amurke ke cewa yana da daɗi da wanda yake cewa yana karo, su duk ɗaya suka ji su wajen daɗi. Mutanen biranen Bolibiya kuwa suka faɗo a tsakani. Ashe yawancin abin da muke kira zaƙi ko karo a kiɗa, tarbiyya ce. Yaron da aka haifa a Mokolo bayan shekara ta 2005, tun yana goye waƙar da ke fita daga wayar uwarsa gyararriya ce. Ka kunna masa tsohon kaset na goge, zai saurara da ladabi, sannan ya ce maka gogen bai ɗauru ba, ko muryar ba a tace ta ba. Ba raini ba ne. Abin da kunnensa ya gaya masa ke nan, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ita wayar ma da nata aikin: 'yar lasifikarta ba ta iya fitar da kaurin babbar ganga, don haka masu haɗa kiɗa suke tura komai sama, siriri, mai kaifi, yadda zai huda hayaniyar kasuwa.

Ba na cikin masu cewa na'ura annoba ce. A dā waƙa a ƙasar Hausa gado ce, wanda ba ɗan gidan roƙo ba in ya ɗauki kalangu sai dangi sun yi taro a kansa. Kwamfuta ta rushe wannan katanga. Yara da yawa, maza da mata, suna ci da iyayensu da ita, kuma an sami waƙoƙi da Mafa da Kapsiki da Fulatanci suna yawo daga waya zuwa waya, harsunan da ba wani kamfanin faifai da zai waiwaya. Akwai kuma masu amfani da amon ƙarfen nan da gangan a matsayin ado, kamar yadda mawaƙan Maroko da Aljeriya suke yi, kuma in ya haɗu da mai murɗa murya yana yin kyau ƙwarai. Wanda ya zaɓi wannan amo da saninsa, ba ni da ja da shi. Jayayyata da rashin zaɓin ce: an kawo mana na'ura a ɗaure da ma'aunin wasu, muka karɓa ba mu ko duba ko ana kwance ta ba.

Ana kwancewa kuwa, wasu sun yi. Indiyawa, waɗanda muka kwaikwayi waƙoƙin finafinansu, sun hana kaɗa harmoniya a gidan rediyon ƙasarsu daga 1940 har zuwa 1971, saboda ba ta iya zamewa tsakanin sautuka kuma matakanta ba nasu ba ne. Larabawa sun yi babban taro a Alƙahira a 1932, suka yi ta muhawara a kan ko fiyano za ta iya ɗaukar maƙamansu masu rabin mataki, irin waɗanda kunnenmu ya sani a ƙira'ar Misirawa. Ba su sallama ba, har kamfanoni suka bi su: Yamaha da takwarorinsa suna ƙera fiyano ta musamman don kasuwar Larabawa da Turkawa, mai maɓallan da za ka sauke kowane sauti yadda maƙamin ke so. Ita kanta Auto-Tune ana iya karkatar da matakanta, a cire wasu, a matsar da wasu. Na'urar ba ta ƙi ba. Mu ne ba mu zo mata da namu awon ba.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa ya faru ne a nan maƙwabtanmu. A 1989 Simha Arom, masanin kiɗa daga Faransa, ya tafi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da fiyanon lantarki ta Yamaha DX7 wadda ake iya sauya ɗaurin kowane sautinta. Ya ajiye ta gaban makaɗan gargajiya, ya bar su su ce wannan ya yi, wannan bai yi ba, su matsar da sautin da kansu har ya zauna musu. Daga baya shi da Nathalie Fernando da Fabrice Marandola suka kawo irin wannan aiki Kamaru, ciki har da masu busa sarewa na Uldeme, a duwatsun da ke wajen Mora, 'yan'uwan duwatsunmu. Suna ɗaukar kowane sauti dabam, su matsar da shi a kwamfuta, su mayar wa masu busar su yanke hukunci. Abin da ya fito shi ne mutanen suna da doka, sai dai dokar tasu fili ce mai iyaka, ba ɗigo ɗaya ba. Tazara tana iya faɗaɗa ko ta tsuke su ce daidai ne, in ta wuce gona su ƙi ta nan take. Kwamfuta ce a can, kwamfuta ce a situdiyon unguwarmu. A can an sa ta ta tambayi kunnen dattijo, a nan an sa ta ta yi masa gyara.

Lokaci kuma ba ya jiran mu. Tun daga 2013, da aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo don 'yan gudun hijirar Najeriya, da hare-haren Boko Haram da suka biyo baya a ƙauyukan kan iyaka irin su Turu da yankin Mayo-Moskota, dubban mutane sun bar duwatsunsu. Busar da ke bukatar mutum goma na ƙauye ɗaya, waɗanda suka yanki sarewarsu tare suka daidaita ta da juna, ba ta rayuwa in an watsa mutanen gari biyar. Kiɗan dare ya ragu shekara da shekaru. Masu gogen da muka sani suna tsufa, 'ya'yansu suna kan babur ko gaban kwamfuta. Irin wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a kunne da yatsa yake, in mai shi ya kwanta dama ya tafi da abinsa.

Kirana na farko ga Jami'ar Marwa ne, wadda aka kafa a 2008 a tsakiyar wannan arziki, da Jami'ar Bayero ta Kano, da gidajen rediyon Garwa da Marwa: a ɗauki waɗannan makaɗa da masu busa yanzu, kowane kayan kiɗa dabam, a auna matakansu da sent, a fito da tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a mayar da su kwamfuta. Awon da aka samu kada ya tsaya a kundin digiri. A zuba shi a fayil ɗin da yaron situdiyo zai iya ɗorawa a manhajarsa, a ce ga ɗaurin gogen wane gari, ga na sarewar wane dutse.

Na biyu gare ku ne, ƙannena da 'ya'yana masu situdiyo a Mokolo da Marwa da Garwa. Ba na ce ku ajiye kwamfuta ba, sana'arku ce, Allah Ya sa mata albarka. Amma ku nemi mai goge ko mai algaita ɗaya da ya rage a garinku, ku kira shi, ku biya shi hakkinsa. Ku bar shi ya fara, ku ɗaure fiyanonku a kan tsarkiyarsa. In mawaƙi ya shigo, ku ɗauki muryarsa sau ɗaya da na'urar gyara a kashe, ku saurara tare da wani dattijo kafin ku taɓa komai, ya nuna muku inda yaron ya kuskure da inda ya gada. Na farkon ku gyara, na biyun ku bar masa abinsa.